Hotunan Inna a Cikin Disket

Filinge, 3 ga Maris 2014

Zuwa ga Yayana Zaidu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Latifa da yara, kuma zafin Yamai bai narkar da ku ba. Mu nan lafiya lau. Maigidana Mansur yana gaishe ka, ni kuma ina nan ina fama da 'yan lakwal, ɗalibaina, da alli.

Na san za ka ce me ya hana ni kiran waya. Baba ne ya hana. Tun da idonsa ya yi rauni kunnensa ya karɓi aikin. Ko bayan rumbu na laɓe ina raɗa, sai ya maimaita mini abin da na faɗa a wurin cin tuwo. Shi ya sa na ba Kailu direba wannan takarda ya kawo maka har shago.

Likitocin ido sun zo asibitinmu makon jiya, na kai shi. Ba yana ba ce da za a cire. Hawan jinin ido ne, kuma ya riga ya ci jijiya. Na hagu ya tafi. Na dama yana gani kamar mai leƙe ta kafar ƙyaure. Lokotoron, babban likitansu, ya ja ni gefe ya ce maganin ɗigawa jinkiri kawai zai yi, ba ya jin ganin zai kai kaka. Na yi kuka a bayan asibitin, na wanke fuska, na dawo ina ce wa Baba an ce da sauƙi. Amma ka san Baba, wanda ya yi shekara talatin yana kama ƙaryar yara a aji.

Washegari ya buɗe adakarsa ya ɗauko 'yan disket a naɗe cikin kallabin Inna. Ya ce, "Ɗiyata, kunna mashin ɗin nan. Ina son in ga uwarku tun da sauran haske."

Ka san Inna da hoto, kamar akuya da ruwa. Na katinta kaɗai muke da shi, shi ma ya koɗe har ba a rabe hanci da baki. Waɗannan su ne waɗanda ka ɗauka da Babbar Sallah lokacin kana aikin porje na ƙungiyar agaji, da ka zo da kamarar nan mai haɗiye disket. Ni ina wurin Gwaggo a lokacin, ban taɓa ganinsu ba. Baba ma ashe bai taɓa ba. Ya ce da tana raye me zai nema a cikin akwati, ga ta a tsakar gida? Da ta rasu kuma nauyi ya hana shi, dattijo kamarsa ya ce wa 'ya'ya su nuna masa matarsa.

To ga matsalar. Tsohuwar ordinatar, kwamfutar nan da ka kawo masa, tana tashi, amma sai ta fara da baƙin shafi tana gunaguni, sai na danna F1 take wucewa. Kwanan wata ya koma can baya, wai ita a shekarar dubu biyu take. Wurin da ake ganin lektar A, mai karanta disket, babu shi sam. Na tura disket ya shiga ƙwas, amma ba wuta, ba motsi. Na je wurin Abdulgafar mai fotokopi a bakin kasuwa, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce rabonsa da lektar tun kafin ya yi aure.

Kai ne likitan waɗannan abubuwa. Ka faɗa mini abin yi, ko ka zo da kanka, wanda shi ya fi. Ka gaida mutanen gida.

Ƙanwarka,
Balkisa

*

Yamai, 9 ga Maris

Balki,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, kuma labarin idon Baba ya sanyaya mini jiki. Allah ya sa kaffara ne. Ki lura da lokacin maganin, kin san shi da raina umarnin da ba shi ya bayar ba.

Mashin ɗin ba mutuwa ta yi ba, mantuwa ce ta kama ta. A cikinta akwai wani ɗan pil, wato batir, mai kama da kuɗin dala. Shi ke riƙe mata kwanan wata da sunayen duk abin da ke jikinta idan an kashe wuta. In ya ƙare, sai ta riƙa farkawa kamar tsohuwar da ba ta san su wa ke gidan ba. Na sa sabo a cikin ambulan ɗin nan, kada ki bari yara su kai shi kanti sayen alawa.

Ki cire fulogi daga bango tukuna, ba na son a ce na rasa ƙanwa a kan disket. Ki taɓa ƙarfen ƙofa da hannu, sannan ki kwance murfin gefe. Za ki ga pil ɗin a kwance kan babban allo mai launin ganye. Ki danna ɗan ƙarfen da ke riƙe shi, zai yi tsalle da kansa. Sabon ya shiga da rubutunsa a sama. Idan kin kunna, ki yi ta danna maɓallin Suppr har shuɗin shafi ya fito. Ki gyara kwanan wata. Inda aka rubuta A za ki ga ta ce babu kowa, ki canza shi zuwa 1.44, ki danna F10. Na zana miki komai a bayan takarda. Malamar lakwal ce ke, in kika kasa zan ba da labarinki a gaban ɗalibanki.

Amma ki saurare ni. Disket ba dutse ba ne. Shekara goma da wani abu a cikin adaka, a zafin Filinge, da wuya a ce akwai abin da ya rage. Kada ki cika wa Baba ciki da rai. Abin da ya fi, ki ba Kailu su ya kawo mini, in duba a nan cikin natsuwa. In akwai abin kirki in wanke shi a takarda.

Zuwa kam ba yanzu ba. Wata makaranta ta jibge mini mashin cike da shago. Ki gaida Baba da kyau, ki gaida Mansur.

Yayanki,
Zaidu

*

Filinge, 16 ga Maris

Yaya Zaidu,

Sallama da gaisuwa. Ka ajiye labarinka, ɗalibaina ba za su ji shi ba. Na sa pil, na shiga shuɗin shafi, na gaya mata akwai A a gidan. Yanzu ta san shekarar da muke ciki, har ta fi wasu mutanen Yamai sanin kwana nawa suka yi ba su zo gida ba.

Sai dai murna ta koma ciki. Alamar A ta fito a gilashi, amma in na danna sai ta yi shiru, can ta ce ba ta same shi ba. 'Yar wutar gaban lektar ko ƙyaftawa ba ta yi. Na sake buɗe murfin na haska da tocila. Yaya, abin da na gani! Zanzaro ya yi gini a kusurwa, ɗaki da falo. Sannan wata igiya mai faɗi kamar ɗamara, wadda ta taso daga allon ta shiga bayan lektar, ɓera ya ci gefenta ya bar ta kamar bakin tsohuwar tabarma. Ashe mu muna zaton ordinatar muka rufe da zane, gidan haya muka buɗe.

Maganar aiko maka da disket kuwa, na gwada. Na lallaɓa, na kawo ta bayan ya sha fura, lokacin da ransa ya fi daɗi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Uwarku ba ta taɓa wuce Baleyara, nan hanyar Yamai, ba tare da ni ba. Yanzu da ba ta iya magana za ni saka ta motar Kailu, tsakanin buhunan wake da awaki? Ba ta zuwa ko'ina." Ya mayar da su cikin kallabi ya sa ƙarƙashin matashinsa. Na so in yi dariya, sai na ji hawaye ne ke zuwa. Ka san in ya kafe, gara ka ce wa dutsen Filinge ya matsa.

Kullum bayan la'asar sai ya ja kujerarsa gaban mashin ɗin ya zauna, ko ba a kunna ba. Ba ya tambayata, amma ina jin tambayar a bayana duk inda na juya. Jiya ya miƙa hannu zai ɗauki buta ya kama iska, butar tana gefensa kaɗan. Ya yi kamar ƙuda yake kora, ni ma na yi kamar ban gani ba.

Ka aiko da igiyar. Kuma ka yi haƙuri in faɗa maka, zuwa da kai ya fi aike. Yamai ba Makka ba ce. Wanda ya karya kumallo a can, a nan yake sallar azahar. Tun kwanakin zaman makokin Inna ba mu sake ganin ƙeyarka ba.

Ƙanwarka,
Balkisa

*

Yamai, 2 ga Afrilu

Balki,

Gaisuwa. Ki yi haƙuri da jinkiri, aiki ne.

Ga igiyar, nap muke ce mata. Ki lura, gefe ɗaya yana da jan layi. Jan layin ya kalli inda aka rubuta 1, a kan allo da kuma bayan lektar. Bakin da igiyar ta murɗe shi ke shiga lektar. Akwai kuma wata ƙaramar waya mai farin kai da ke kai masa wuta, ki tabbata ta zauna daram.

Wannan ki riƙe shi da kyau. In kin kunna kika ga 'yar wutar ta kama ta ƙi mutuwa, to kin sa igiyar a juye. Kada ki kuskura ki tura disket a haka, zai goge abin da ke ciki. Ki kashe, ki juya ta. Kuma ki fara gwaji da wani disket na banza, ba na Baba ba.

In duk wannan bai yi ba, lektar ɗin ne ya mutu, kuma samun irinsa yanzu sai an tona. A ganina in ya kai nan a haƙura. Wani abin barinsa a rufe ya fi alheri. Baba yana da Inna a zuciyarsa, wannan ba ya bukatar wuta.

A gaida kowa.

Zaidu

*

Filinge, 8 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaishe ka don gaisuwa wajibi ce, amma raina a ɓace yake, kuma gara ka sani.

Na sa igiyar. Karo na farko wutar ta kama ta ƙi mutuwa, na tuna gargaɗinka na kashe da sauri. Na juya ta. Yanzu wutar tana ƙyaftawa in an kunna, mashin ta daina gunaguni. Abdulgafar ya tono mini wani tsohon disket a ƙasan kwali. Na tura, lektar ya yi ƙara kamar mai tari, ya yi, ya yi, ya gaji. Na leƙa ta bakinsa, ashe dangin zanzaron nan sun yi reshe a ciki, laka ta daskare a kan ƙarfen. Na share iya abin da tsinke ya kai. Bai karanta ba. To, lektar ya mutu, na yarda.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne wai samun irinsa sai an tona. Na tambayi Kailu ko ya san inda ake sayarwa a Yamai, na zana masa siffarsa. Ya dube ni ya ce ai irin wannan a shagon yayanki suke jibge a kan kanta, har da ɗaya ake tokare ƙofa. Ya ƙara da cewa ranar da ya kai maka takardata ta biyu a zaune ya same ka kana shan shayi, babu wata makaranta, babu mashin cike da shago. Kada ka ga laifinsa, bai san yana tona asiri ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Igiyar da za ta zo a kwana biyu ta yi rabin wata a hanya, a daidai lokacin da kowace safiya Baba ke tashi da ƙasa da abin da ya kwanta da shi. Yanzu in na shigo ɗaki sai na yi magana yake sanin ni ce. Ya daina karatun Alƙur'aninsa mai manyan baƙi, sai abin da ke ka. Kai kuma kana can kana rubuto mini wa'azi wai a bar abu a rufe.

Na san a Damana ka girma wurin Kaka, na san ba ka shaƙu da gidan nan kamar ni ba. Amma ubanka ne. Abu ɗaya ya roƙa a duniya, kuma yana tokare da ƙofar shagonka. In akwai abin da Inna ta yi maka da har yanzu ba ka yafe ba, ka faɗa mini. In babu, ka ba Kailu lektar gobe.

Balkisa

*

Yamai, 10 ga Afrilu

Ƙanwata Balkisa,

Assalamu alaikum. Na karanta takardarki a tsaye, na sake karantawa a zaune. Kin yi gaskiya, kuma faɗanki irin na Baba ne sak. Ga lektar nan, na gwada shi da hannuna, lafiyarsa ƙalau. Kusoshi ne a gefe, ki kwance tsohon ki zura wannan, igiya da wayar wuta kamar yadda kika riga kika iya.

Amma kafin ki kunna, ki ji abin da ya sa nake jan ƙafa. Fuskar Inna ba ta cikin disket ɗin nan. Ko a hoto ɗaya.

Ke auta ce, kin sha cinya, kin sha goyo, Inna tana kiran sunanki tun daga ƙofar gida. Ni ɗan fari ne. Ana yaye ni aka kai ni Damana. In na zo hutu ba ta kiran sunana, sai dai ta ce a ba Na-Damana abinci. In na gaishe ta, bango take amsa wa. Na san al'ada ce, na san kunyar ɗan fari ce, kowa ya gaya mini, har Kaka takan ce alamar 'yar mutunci ke nan. Sani daban, abin da yaro ke ji a ƙirjinsa daban.

Ranar Sallar nan na zo da kamarar porje ina ji da kaina. Na ce a raina yau dai dole ta dube ni, tun da ba a ɗaukar hoto da ƙeya. Baba ya tafi gaisuwar Sallah. Na bi ta wurin turmi, ta juya baya. Na zagaya wurin murhu tana suyar nama, ta ja gyale ta rufe. Matan gida suna ta dariya suna kiran sunanta suna cewa Muna, tsaya mana yaro ya ɗauke ki. Ta ce ita ba ta tsayawa gaban wancan. Na yi ta ɗauka har disket suka cika, ina dariya tare da su. Da na koma Yamai na buɗe su ni kaɗai, na ga baya, da gyale, da gefen kunne. Ban sake buɗewa ba. Da na zo wata shekara na ba Baba su ya ajiye, na ce hotunan Sallah ne, don ba na son ganinsu a ɗakina kuma na kasa zubarwa. Ban taɓa zaton zai riƙe su haka ba.

Ba ta yi mini laifin da zan yafe ba. Kawai ni ban san fuskar mahaifiyata tana kallona ba, kuma gidan nan yana tuna mini da haka. Shi ya sa ƙafata take nauyi.

So na yi disket su zo hannuna in ce zafi ya cinye su. Gara Baba ya ji haushin zafin Filinge da ya ƙare ɗan ganin da ya rage masa a kan ƙeya. Yanzu shawara tana hannunki. Kina iya cewa sabon ma ya ƙi, ba wanda zai sani sai ni da ke. Ke ke zaune da shi, kin fi ni sanin abin da zai iya ɗauka.

Ki yafe mini jinkirin.

Yayanki,
Zaidu

*

Filinge, 14 ga Afrilu

Yayana,

Wa alaikumus salam. Na yi maka faɗa a kan abin da ban sani ba, ka yafe mini. Ni ina ganin Inna tana kawar da kai in ka shigo, ina ɗauka abin dariya ne, har nakan kwaikwaye ta. Ban taɓa tsayawa na tambayi yadda yake a wurinka ba.

Na kwana biyu da lektar a cikin jakata ina juya maganar. Har na shirya ƙaryar, na gyara mata zama. Sai na tuna na riga na yi masa ɗaya a bayan asibiti, kuma bai ci ba. Mutumin da ake ɗebe wa duniya kaɗan-kaɗan, ban ga dalilin da zan ɗebe masa gaskiya ita ma ba. Matarsa ce, shi ya san abin da zai yi da ƙeyarta.

Na ɗaura lektar jiya da hantsi, lokacin da idon ya fi kama haske. Wuta ta ƙyafta, ya yi 'yar ƙara mai daɗi, A ta buɗe. Disket ɗaya ya lalace, sauran sun karantu. Kafin in danna na gaya masa abin da zai gani. Ya ce in buɗe dai.

Ya matso har hancinsa yana taɓa gilashi, yana yawo da kai a hankali don hoton ya bi ta 'yar kafar da ta rage masa. Ga Inna a bakin turmi, ta ba da baya, da shuɗin zanenta. Ga ta a murhu, hannu ɗaya da matsami, ɗaya ya ja gyale. Akwai wanda ƙafarta kawai ya kama tana shigewa ɗaki. Akwai wanda ya samu kunne da ɗan kunne da ɗan gefen kumatu, kuma daga yadda kumatun ya taso ka san dariya take ɓoyewa. A kan wannan ya fi daɗewa.

Ya ce, "Ita ta. Wa ya ɗauka, Na-Damana?" Na ce shi ne. Ya gyaɗa kai ya ce, "To ai dole."

Ya sa na maimaita su daga farko. Na ga yana neman fuskar duk da na gaya masa, yana leƙa gefen gilashi kamar zai zagaya ta bayansa. Wannan ya fi komai yi mini ciwo. Da muka gama ya zauna gaban gilashin har aka kira azahar. Bai yi kuka ba, ni na yi mana mu biyu.

Da yamma ya ce in ba shi takardu da babban alƙalamin da nake rubutu da shi a kwali. Na ce ya faɗa in rubuta, ya ce wannan ba ta bi ta hannun kowa. Ya daɗe yana yi, kowane shafi layi kaɗan. Ga takardar nan a liƙe, taka ce, ban karanta ba. Haushinka bai ji ba, in wannan kake tsoro.

Ƙanwarka,
Balkisa

*

Zuwa ga Na-Damana,

Bayan sallama. Ina gaishe ka da iyalinka. Ka yi haƙuri da rubutun, hannu na tahiya, ido bai bi shi.

Na ga hotuna. Aikinka ya yi kyau. Abin da na nema ba ya ciki, kuma ba laihinka ba ne. Da wani ya riƙa kamarar da ta tsaya. Kai ɗaya ne a duniya take juya ma baya haka, don kai ne na hwari. Haka munka tarar, haka munka yi. Ko daidai ne ko ba daidai ba, yau ban sani ba. Na ga dai abin da ya bar muna.

Ni ma ban taɓa tsare ka da ido ba. In ka zauna gabana, tabarma nike kallo. Ka sani.

Ga abin da ban taɓa hwaɗa maka ba. Balkisa ni ta biyo. Kai ka ɗauko uwarka, goshi da ido da wushirya, har yadda take tattara gira in tana tunani. Mutane sun sha hwaɗi tun kana jinjiri, ni da ita sai mu yi kamar ba mu ji ba. Huskar da nike nema cikin mashin tana Yamai tana gyaran mashin.

Ba ni da sauran lokacin kunya. Ka zo ka zauna gabana cikin haske, in dube ka da kyau sau guda. Kada ka aiko hoto. In za ka zo, ka zo da hantsi, kuma kada ka daɗe.

Allah shi yi maka albarka.

Mahaihinka,
Dodo

*

Yamai, 16 ga Afrilu

Balki,

Sallama. Na ce wa Kailu ya riƙe mini gaban mota gobe da asuba. Zan biya wurin wanzami yau, tun da Inna ba ta da gemu.

Ki shimfiɗa tabarma a inda rana ta fi faɗowa. Kuma ina roƙonki ki zauna kusa. Ban taɓa zama gaban Baba ido cikin ido ba, ina tsoron kaina zai sunkuya da kansa. In kin ga haka, ki ɗago mini shi.

Sai na iso.

Zaidu